Sauya mako da maki a masaukan karɓa-karɓa: me ake bayarwa, me ake karɓa

A manyan masaukan karɓa-karɓa na Orlando ko Las Vegas a Amurka, inda mutane ke sayen mako guda na kowace shekara a ɗakin hutu, idan magidanci ya iso da iyalinsa ya karɓi mabuɗin ɗaki, da wuya a bar shi ya wuce kai tsaye. Sai a nuna masa wani teburi a gefe a ce can ake karɓar takardar ajiye mota, can kuma wata ma'aikaciya mai fara'a ta gayyace shi ganawar mamallaka washegari da safe, ta ce minti 90 ne kacal, akwai karin kumallo, akwai kyautar tikitin wurin wasa ko katin sayayya, amma da sharaɗin miji da mata su zo tare. A ɗakin ganawar dillali zai zauna da farar takarda da biro, ya tambayi wane mako suke riƙe da shi, ya girgiza kai cikin tausayawa, sannan ya sanar da su cewa tsarin mako ya zama tsohon yayi, kowa ya koma maki, kuma rangwamen da zai yi musu na yau ne kaɗai. Abin da ake so su sa wa hannu kafin azahar yana da sauƙin faɗa, wato su sauya makon da suka mallaka da wani adadin maki da za su riƙa kashewa a duk masaukin kamfanin da suka ga dama. Sai dai wannan magana guda ta ƙunshi cinikayya iri-iri waɗanda sakamakonsu ya yi hannun riga da juna, kuma yawancin masu sa hannu ba sa sanin wace ce aka ajiye a gabansu.

Masaukin karɓa-karɓa, wanda Turawa ke kira taimsheya, gida ne ko ɗakin hutu da aka yanka shekararsa mako-mako aka sayar wa mutane daban-daban, galibi makonni 52, ko 51 idan an ware guda domin gyara. A tsohon tsarin Amurka mai saye yana samun takardar mallaka ta gaske, irin wadda ake yi wa rajista a ofishin gunduma tare da takardun sauran gidajen gari, kuma a jikinta akwai lambar ɗaki da lambar mako. Wanda ke riƙe da mako na 52 ya san cewa ƙarshen shekara nasa ne a wannan ɗakin, ko ya buga waya ko bai buga ba, kuma yana iya sauka da kansa, ko ya ba da haya, ko ya sayar, idan kuma ya rasu makon ya shiga gado. Daga baya aka fito da mako mai yawo, wanda mai shi ke da haƙƙin kwana bakwai a cikin wani zango na shekara, amma sai ya yi rige-rige da sauran masu zangon wajen kama ranar da yake so. Tare da wannan haƙƙi akwai nauyin da ba ya sauka, wato kuɗin kula da masauki da ake biya duk shekara, ko an je ko ba a je ba, wanda alƙaluman ARDA, ƙungiyar kamfanonin wannan sana'a a Amurka, suka nuna cewa matsakaicinsa ya haura dala 1,000.

Ga wanda ya karanta babin rabo a fikihu, wannan ba baƙon abu ba ne, domin ita ce muhaya'a, inda abokan tarayya ke amfani da dukiya guda bi da bi ba tare da sun raba jikinta ba. Majalisar Fikihun Musulunci ta Duniya ta duba wannan ciniki a zamanta na Putrajaya, ƙasar Maleshiya, a 2007, ta kuma bambance tsakanin sayen kaso a jikin ginin da sayen amfaninsa kawai na wani lokaci. Wannan bambancin shi ne ƙashin bayan duk maganar sauya mako da maki, ko da yake dillalin Orlando ba zai kira shi da wannan suna ba.

Raunin mako tsayayye a bayyane yake: iyali kan gaji da wuri ɗaya, yara kan girma, hutun makaranta kan sauya. Maganin farko da aka samo shi ne musaya, inda kamfanin RCI, wanda aka kafa a 1974, da Interval International, wanda ya biyo baya a 1976, suke karɓar makon mutum su ba shi na wani a wani gari idan darajarsu ta yi kusa, har RCI ya raba shekara zuwa jan zango da fari da shuɗi gwargwadon yadda ake rububin kowanne. Maki shi ne mataki na gaba. Kamfanin Hapimag na Suwizalan, wanda ya fara a 1963, ya daɗe yana ba masu hannun jarinsa maki, amma a Amurka abin bai bunƙasa ba sai bayan da Disney ya buɗe ƙungiyar hutunsa a 1991. RCI ya fito da nasa tsarin makin a 2000, Marriott kuma, wanda ya shiga sana'ar tun 1984 yana sayar da makonni, ya koma sayar da maki a 2010. A wannan tsari kowane dare a kowane ɗaki yana da farashi a jadawali, daren Juma'a ya fi na Talata tsada, ɗaki mai kallon teku ya fi mai kallon wurin ajiye motoci, kuma mai maki yana iya kwana uku a nan, huɗu a can, ya ajiye ragowar zuwa baɗi ko ya ranto na baɗi ya kashe bana. Wannan sassauci na gaske ne, kuma duk wanda ya musa shi bai yi adalci ba.

Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce sunan wa zai kasance a ofishin rajista bayan an sa hannu. A hanya mafi sauƙi, mai mako yana riƙe da takardarsa, ya biya kuɗin shiga sau ɗaya da kuɗin ƙungiya na shekara-shekara, sannan kowace shekara ya zaɓa: ko ya sauka a makonsa kamar yadda ya saba, ko ya miƙa shi na wannan shekarar kaɗai ya karɓi maki. Haka Marriott ya yi wa tsofaffin mamallakansa a 2010. A nan ba a rasa komai ba illa kuɗin da aka biya, domin ƙofar komawa a buɗe take. Akwai kuma hanyar da mutum ke riƙe takardar amma ya sallama haƙƙin amfani da makon ga ƙungiyar na wasu shekaru ko har sai ya janye, ta yadda ɗakin da sunansa ke kai ya zama sai ya nema da maki kamar kowa, ko da yake akan ba shi damar riga wasu kamawa.

Hanya ta uku ce mai nauyi, ita ce kuma ake lulluɓewa da kalmomi masu daɗi irin su ɗaga daraja ko shigar da jarin da aka riga aka zuba. A nan mai mako yana sa hannu a takardar da ta mayar da mallakarsa ga kamfanin ko ga wani rumbun amana, wanda aka tara dubban makonni daga masaukai da dama a cikinsa a ƙarƙashin wani amintacce, shi kuma a ba shi kaso a rumbun, a auna kason da maki. Daga ranar ba shi da ɗaki, ba shi da mako, ba shi da masaukin da zai kira nasa; abin da yake da shi haƙƙi ne na neman ɗaki idan akwai. Kusan ko da yaushe wannan sauyi yana zuwa ne da sharaɗin sayen ƙarin maki a farashin kamfani, sau da yawa da bashi mai ruwan da ya haura kashi 12 cikin 100, kuma babu hanyar komawa, domin makon ya riga ya narke a cikin rumbun. Ya kamata a lura cewa maki da takardar mallaka ba kishiyoyi ba ne a ko'ina. Mai makin Disney yana da takarda mai rajista a wani masauki takamaimai, yana kuma da damar kama ɗaki a can wata 11 kafin lokaci alhali baƙi daga sauran masaukan sai saura wata 7, sai dai mallakar tana da ranar ƙarewa, wadda ga masaukan farko ita ce 31 ga Janairun 2042.

Lissafin shi ne inda abin ke fitowa fili, don haka bari in kawo misali da alƙaluman da na zaɓa domin sauƙin ƙidaya kawai. Mutum biyu suna da ɗaki iri ɗaya mai ciki biyu a bakin teku, ɗaya makonsa a tsakiyar Yuli lokacin da makarantu ke hutu, ɗayan a Janairu lokacin da sanyi ya kori kowa. A yawancin tsofaffin masaukai kuɗin kula yana bin girman ɗaki ne, ba zango ba, saboda haka kowannensu yana biyan dala 1,400. Idan aka yi wa makon Yuli kima da maki 4,000, na Janairu kuma 1,200, to mai Yuli yana samun kowane maki a kan santi 35, mai Janairu kuwa a kan fiye da dala guda. A cikin rumbun amana kuɗin kula yana bin adadin maki ne, kowa da kuɗi ɗaya a kan kowane maki. Idan wannan kuɗin santi 60 ne, mai Yuli da ya sallama takardarsa zai wayi gari yana biyan dala 2,400 a shekara maimakon 1,400, a kan hutun da bai ƙaru da dare ko ɗaya ba, shi kuma mai Janairu zai sauko zuwa 720. Wato dai gatan da mai mako mai kyau ke ci a tsohon tsari, inda masu makonnin da ba a so ke tallafa masa ba tare da sun sani ba, shi ne abu na farko da sauyin ke sharewa. Shi kuwa mai Janairu, wanda sauyin zai amfana, shi ne kamfani ba ya ɗokin karɓar makonsa sai ya haɗa da saye mai tsoka.

Akwai kuma giɓin da tsofaffin mamallaka suka fi ƙorafi a kai. Makin da ake ba mutum a kan makonsa sau da yawa bai kai makin da jadawali ke nema domin kama wannan makon ba, ta yadda mai 4,000 zai duba ya ga makon nasa na Yuli yana cin 4,300. Kamfanoni suna da amsa, kuma ba amsar banza ba ce: da zarar an yarda mutane su yanka mako gutsi-gutsi, sai a riƙa samun dararen tsakiyar mako da ba mai nema, kuma dole a bar sarari domin wannan asara. Mamallaka kuwa suna ganin tauye mudu ne. Ko wanne ya fi gaskiya, sakamakon a teburin dillali ɗaya ne, domin giɓin maki 300 shi ne hujjar da ake kafawa a ce wa mutum ya ƙara sayen 1,000.

Abin da ya fi damuna a wannan ciniki shi ne wanda ke riƙe da jadawalin. Mako kwana bakwai ne a bara da bana da baɗi, ba wanda ya isa ya mai da shi shida. Maki kuwa kuɗi ne na cikin gida, wanda mai buga shi shi ne mai ƙayyade abin da zai saya. Wasu tsare-tsaren suna da shinge a rubuce. A Disney, alal misali, jimillar makin da ake buƙata domin cika masauki a shekara ba ta ƙaruwa, idan aka ɗaga farashin wasu darare sai an sauke na wasu. Amma ko wannan shingen bai hana a ɗaga ainihin makon da iyali suka saba zuwa ba, bai kuma hana a buɗe sababbin masaukai da jadawali mai tsada ba, ta yadda makin da ya isa mako guda a tsohon gini zai tsaya a kwana biyar a sabo. A wuraren da babu irin wannan shinge, sayen maki ya yi kusa da cinikin biri a sama.

Dalilin da ya sa kamfanoni ke matsa wa wannan sauyi ba ɓoyayye ba ne. Mai sayar da makonni yakan sayar da na Kirsimeti da na hutun makarantu da wuri, a bar shi da tulin makonnin da ba mai so, alhali a rumbun amana mai kyau da maras kyau sun gauraye sun zama kaya iri ɗaya mai farashi ɗaya, wanda ba ya ƙarewa muddin ana ƙara zuba makonni a ciki. To amma rumbun ba zai yi armashi ba sai da makonni masu kyau, waɗannan kuwa suna hannun tsofaffin mamallaka, shi ya sa mai makon Yuli ya fi kowa samun kiran waya. Sannan tallace-tallace da la'adar dillalai kan cinye kusan rabin farashin da sabon mai saye ke biya, kuma shawo kan wanda ya riga ya saya ya fi araha fiye da farauto baƙo, har ya kai ga cewa fiye da rabin cinikin manyan kamfanonin yanzu daga tsofaffin mamallaka yake fitowa. Akwai kuma ƙuri'a. Kowace takardar mako tana da murya a ƙungiyar mamallakan masauki, wadda ke zaɓen shugabanni, ta amince da kasafin kuɗi, ta kuma sabunta kwantiragin kamfanin da ke gudanar da wurin ko ta kore shi. Duk makon da ya shiga rumbu, muryarsa ta bi shi, kuma a aikace sau da yawa kamfanin ne ke da rinjaye a kan yadda za a jefa ta.

Rumbun yana da alherin da ya cancanci a ambata. Lokacin da guguwar Ian ta afka wa gaɓar Fort Myers da tsibirin Sanibel na jihar Fulorida a Satumban 2022, mai takarda a masaukin da ya lalace ya rasa wurin sauka, kuma nauyin abin da inshora bai biya ba yana kansa shi da maƙwabtansa na ginin. Ɗan rumbu kuwa asarar gini guda tana rarrabuwa ne a kan dubban mutane, makinsa kuma yana aiki a sauran wurare.

Wajen sayarwa, mako da maki duka ba su da daɗin ji, domin a kasuwar na-hannu ana ganin makonnin da aka saya dubban daloli ana neman mai karɓarsu a kan dala guda, don kawai mai su ya huta da kuɗin kula. Duk da haka mako mai kyau a masauki mai suna yana da masu nema da masu haya, saboda kowa ya san abin da zai samu. Maki kuwa kamfanoni sun kewaye shi da sharuɗɗan da ke rage darajarsa da zarar ya sauya hannu. Marriott bai buɗe ƙofar shiga tsarin maki ga makonnin da aka saya a hannun wasu bayan Yunin 2010 ba, sai ta hanyar tayi na musamman. Disney ya ƙara takunkumi a 2011 da 2016 da 2019, na ƙarshen ya hana makin na-hannu na sauran masaukansa aiki a sabon masaukinsa na Riviera. Yawancin kamfanonin kuma suna riƙe da haƙƙi mai kama da shuf'a, wato idan mai maki ya sami mai saye, kamfani na iya shiga ya ɗauka a wannan farashin, ya mayar da kayan kanti ya sayar da tsada. Ma'anar wannan ita ce kuɗin da aka biya domin sauyi da matsayin da ya zo da shi galibi suna ƙarewa ne a kan wanda ya biya, ba sa bin kayan zuwa ga mai saye.

Doka ta ba da 'yar taga ta janyewa: kwana 10 a Fulorida, 7 a Kalifoniya, 5 a Nebada, 14 a ƙasashen Tarayyar Turai, inda dokar 2008 ta kuma hana karɓar kuɗi kafin wa'adin ya cika. A Amurka wa'adin yakan ƙare yayin da iyali ke kan hanyar komawa gida, ba su ma buɗe jakar takardun ba, kuma a cikin takardun akwai sakin layin da mai saye ya sa hannu cewa bai dogara da wata maganar baka ba. A ƙarshen 2016 babban lauyan jihar Arizona ya cimma sulhu na dala 800,000 da kamfanin Diamond Resorts kan koke-koken abin da ake gaya wa mutane a irin wannan ganawa. A 2016 ɗin kuma wasu masu makin Marriott suka shigar da ƙara a Fulorida suna cewa kason rumbu ba mallakar ƙasa ba ce ta gaske duk da takardar da aka yi masa, amma kotuna suka ba kamfanin gaskiya. A Sifen kuwa, inda dokar 1998 ta ƙayyade wa'adin irin wannan kwantiragi da shekara 50, Kotun Ƙoli ta fara soke kwantiragi marasa ranar ƙarewa a 2015, ta kuma soke na makonni masu yawo bisa hujjar cewa ba a fayyace abin da aka sayar ba.

Wanda ya sauya sau ɗaya kuma bai gama ba. Marriott Vacations ya haɗiye kamfanin ILG a 2018, abin da ya kawo Interval International da masaukan Sheraton da Westin ƙarƙashinsa, sannan ya fito da sabon tsari mai suna Abound a 2022. Hilton Grand Vacations ya sayi Diamond a 2021 da Bluegreen a 2024, da nasa sabon matakin shiga. Duk haɗewa tana haifar da sabuwar ƙungiya da sabuwar gayyata zuwa ganawar minti 90.

Wanda ya ƙi sauyawa ma abin yana taɓa shi. Mai mako tsayayye yana nan daram, ba abin da ya shafe shi. Mai mako mai yawo kuwa yanzu yana takara ne da rumbun da ke riƙe da makonni masu yawa a zangonsa, kuma duk makon da maƙwabcinsa ya mayar maki ya fita daga kwandon musayar da ya saba ɗiba a ciki. Wannan ne dillali ke nunawa idan yana cewa za a bar mutum a baya, kuma akwai ƙanshin gaskiya a ciki, ko da yake yana ƙara mata gishiri. A ganina, mai mako mai yawo a tsaka-tsakin zango, wanda ke iya tsara tafiya shekara guda kafin lokaci kuma yana son gajerun hutu a wurare daban-daban, yana iya cin ribar shigar da ba ta taɓa takardarsa ba. Mai mako tsayayye a lokacin rububi kuwa, ban ga lissafin da zai sa sallama takarda ta zame masa riba ba.

Akwai wani sakin layi a takardun kafa masaukai da dama na shekarun 1970 da 1980 wanda ya ce bayan shekara 40 ko makamancin haka tsarin karɓa-karɓa zai ƙare sai dai idan mamallaka sun zaɓi tsawaita shi, kuma waɗannan wa'adodin yanzu suke cika. Wasu daga cikin gine-ginen sun tsufa, amma filin da suke kai a bakin teku ya ninka daraja. Idan aka kaɗa ƙuri'a aka sayar, kuɗin ana raba shi ne ga waɗanda sunayensu ke ofishin rajistar gunduma, kowa gwargwadon makonsa. Makon da aka sallama shekaru goma da suka wuce, amintaccen rumbu ne zai jefa ƙuri'arsa, kuma rumbun ne zai karɓi kasonsa.